Mene Ne Gunki Ga Kiristan Da Bai Taɓa Durƙusa Wa Dutse Ba?

Istifanus: Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Akwai ayar da ta tsaya mini a rai, ina so mu tattauna a kanta. Wasiƙar Yahaya ta fari cike take da maganar ƙauna da haske da tabbacin rai madawwami, amma da manzo ya zo rufewa a 5:21, sai ya gargaɗi 'ya'yansa su tsare kansu daga gumaka. Mutanen da ya rubuta wa masu bi ne, an yi musu baftisma, sun riga sun juya wa haikalin gumaka baya. To wane gunki yake jiye musu tsoro? Mu kuma da ba mu taɓa yanka wa dutse ko itace komai ba, ina ayar ta same mu? Kowannenmu yana cewa "Allah ne farko a rayuwata". Ta yaya mutum zai gane ko maganar ta wuce fatar baki?

Mama Rifkatu: Ɗana, buɗe Ezekiyel 14. Dattawan Isra'ila sun zo sun zauna a gaban annabi, neman Ubangiji suka zo yi, babu mai ɗauke da gunki a hannu. Allah ya ce wa Ezekiyel mutanen nan sun kafa gumakansu a cikin zukatansu. Wanda ya gan su zaune a ranar cewa zai yi ga masu ibada.

Malam Ayuba: Mama ta kama bakin zaren. Ni inda nake so mu duba da kyau shi ne Fitowa 32, domin muna karanta labarin ɗan maraƙin zinariya kamar mutanen sun ce sun daina yi da Ubangiji. Ba haka suka ce ba. Da Haruna ya gama ƙera maraƙin ya gina bagade a gabansa, shelar da ya yi ita ce gobe akwai idi ga Ubangiji (aya 5). Sunan Ubangiji suka kira a kan abin da hannunsu ya ƙera da 'yan kunnen matansu da na 'ya'yansu. Kuma me ya kai su? Jira. Musa ya yi kwana 40 a kan dutse, suka ce mutumin nan ba mu san abin da ya same shi ba, a yi mana allahn da zai wuce gabanmu. Suna son wanda ido zai gani, wanda za su ɗauka su tafi da shi lokacin da suka ga dama. Mutum wajen 3,000 suka mutu a kan wannan.

Bayan shekaru masu yawa Yerobowam, sarkin Isra'ila ta arewa, ya maimaita abin, ya kafa maraƙi ɗaya a Betel, ɗaya a Dan. 1 Sarakuna 12 ya faɗi dalilinsa ƙarara: tsoro yake yi in mutane suka ci gaba da zuwa sujada Urushalima, zuciyarsu za ta koma ga gidan Dawuda, mulki ya kuɓuce masa. Abin da yake bauta wa kujerarsa ce, maraƙin kayan aiki ne kawai. Saboda haka ni a ganina wuraren da gunki ya fi shigo wa mai bi su ne lokacin da Allah ya yi jinkirin amsa, da lokacin da wani abin da muke riƙe da shi yake shirin suɓucewa.

Ladi: Malam, na yarda da abin da kuka faɗa, amma ku bar ni in faɗi abin da ke damuna da irin wannan wa'azi. Yanzu komai an mai da shi gunki. Aikinka gunki, wayarka gunki, mijinki gunki, 'ya'yanki gumaka. Mace ta kwana ba barci tana jinyar yaro, ta kasa zuwa addu'ar safe, sai a ce mata ta sa ɗanta gaba da Allah. Namiji yana fita da duhu ya dawo da duhu don iyalinsa kada su kwana da yunwa, a ce masa yana bauta wa kuɗi. Alhali 1 Timoti 5:8 ya ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya musunci bangaskiya, ya fi marar bi muni. Ni ina son 'ya'yana har cikin ƙashina, kuma ban ga ranar da zan nemi gafara a kan haka ba. In aka kira kowace ƙauna gunki, mutane za su yi ta yawo da nauyin laifin da ba su yi ba, ainihin gunkin kuma ya samu wurin ɓuya.

Iliya: Amma Yaya Ladi, Yesu da bakinsa ya ce wanda ya fi son ɗa ko 'ya a kaina bai cancanci zama nawa ba. Matiyu 10:37. Ba mu muka rubuta ba.

Ladi: Na san ayar, ƙanena. "Ya fi so a kaina" ya ce. Bai ce a rage son yaro ba. Da wane ma'auni za ka auna min?

Fasto Habila: 'Yar'uwa Ladi, kukanki yana kan hanya, kuma mu masu wa'azi ya kamata mu ji shi. Yesu ya tsawata wa Farisiyawa a Markus 7 saboda sun koya wa mutane su ce abin da za su taimaki iyayensu da shi sun keɓe wa Allah, ta haka su bar tsofaffi da yunwa da sunan ibada. Wato akwai "sa Allah farko" da Allah da kansa ya ƙi. Uwar da ta kwana a kan ɗanta marar lafiya hidimar Ubangiji take yi. 1 Timoti 6:17 ma ya ce Allah ne yake ba mu kome a yalwace don mu ji daɗinsa. A wannan ayar abin da aka hana masu arziki shi ne girman kai da ɗora begensu a kan dukiya.

Kin tambayi ma'auni. Martin Luta a babban katikizim ɗinsa na 1529, da yake bayanin doka ta fari cikin Dokoki Goma, ya nuna cewa duk abin da zuciyarka ta manne masa ta dogara gare shi, shi ne allahnka. Ni kuwa ga yadda nake tambayar kaina da 'yan ikkilisiya: mene ne abin da za ka yarda ka saɓa wa Allah don ka same shi, ko don kada ka rasa shi? Uwa ta so ɗanta iyakar so, babu laifi. Ranar da ta biya a rubuta masa jarrabawa, ko ta rantse da ƙarya don ta rufe ɓarnar da ya yi wa 'yar wani, a ranar ta nuna wanda yake kan gadon sarautar zuciyarta. Babu wanda ya ce ƙaunar ce ta yi yawa. An dai kai inda Allah ya ce kada, ƙaunar ta ce yi, aka bi ta ƙaunar. Eli firist ke nan a 1 Sama'ila 2:29, inda Allah ya tuhume shi da girmama 'ya'yansa fiye da shi, domin ya san abin da suke yi a wurin sujada, ya tsaya ga faɗan baki kawai.

Ladi: Wannan ma'aunin zan iya ɗauka, Baba Fasto. Na gode.

Naomi: Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Ni ba ni da ɗa. Na yi shekaru da aure, an yi gwaje-gwaje, an yi azumi. Maganar Rahila ga Yakubu, ka ba ni 'ya'ya ko in mutu, na san daga inda take fitowa. Wata rana a taron mata wata ta ce mini wataƙila Allah ya hana ni ne don na mai da haihuwa gunki. Na koma gida na rufe ƙofa, ranar ko addu'a ban iya yi ba. Ku gaya mini gaskiya, son ɗa da ya kai mutum ga kuka kowane wata, bautar gunki ne?

Baba Yohanna: 'Yata, wadda ta faɗa miki haka ta yi magana a kan abin da ba ta sani ba. Ba wanda Allah ya ba wa littafin dalilansa. Abokan Ayuba na Littafi Mai Tsarki haka suka zauna suna lissafa masa zunubin da ya jawo masa wahala, a ƙarshe Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu don ba su faɗi gaskiya game da shi ba.

Dubi Hannatu. Ta yi kuka har ta ƙi cin abinci. A Shilo tana addu'a leɓunanta na motsi ba a jin murya, har firist ya zaci buguwa ta yi. Babu inda Nassi ya zarge ta da yawan so. Kukanta ta kwasa ta kai gaban Ubangiji, kuma da aka ba ta Sama'ila ta yaye shi ta mai da shi gidan Ubangiji, kowace shekara tana ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Rahila kuwa a gaban mijinta ta zube nata kukan, shi ya sa Yakubu ya ce shi a madadin Allah yake ne? Duk da haka Farawa 30:22 ya ce Allah ya tuna da Rahila. Bai yar da ita don ta yi magana cikin zafin rai ba. Abin da zan jiye miki tsoro ɗaya ne: ranar da wani zai ce miki ga wata ƙofa, ba ta Ubangiji ba ce amma tana biyan bukata. Muddin kina kai hawayenki wurin Uba, kina inda ya kamata. Ba zan yi miki alkawarin abin da Allah bai faɗa mini ba, amma ina sa ki a addu'a, ke da maigidanki.

Naomi: Amin Baba. Allah ya ƙara girma.

Iliya: To ni fa gumakan da nake gani a cikin majami'u suke. Kwalbar mai, ruwan da aka yi wa addu'a, hankici, hoton "mutumin Allah" a manne a mota da ƙofar ɗaki. Wasu kuma ga siffofi nan a tsaye ana durƙusa musu ana kunna kyandir. Fitowa 20:4-5 ta hana a yi siffa a rusuna mata. Me ya rage a faɗa?

Bitrus: Ɗan'uwa Iliya, na gane da mu Katolika kake a maganarka ta ƙarshe, don haka bari in amsa cikin natsuwa. Wannan gardama ta girme mu duka. A Daular Rum ta Gabas an yi shekaru ana farfasa hotunan majami'u tun zamanin Sarki Liyo na Uku a ƙarni na 8, har aka yi babban taron bishop-bishop na biyu a Nisiya a 787. Abin da taron ya tsayar shi ne sujada ta Allah ce shi kaɗai, girmamawar da ake yi wa hoto kuwa tana zarcewa ga wanda hoton yake tunatarwa. Hujjarsu ita ce tun da Kalman, wato Yesu, ya zama mutum, mutane suka gan shi da ido, za a iya zana shi. Kuma Allahn da ya ba da dokar hana siffofi shi ne ya umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan murfin akwatin alkawari (Fitowa 25), shi ne ya sa aka yi macijin tagulla. Ba a taɓa koya mini cewa siffar da ke majami'a tana ji ko tana ceto ba. Kana iya ƙin yarda da mu, amma ka ƙi abin da muke koyarwa, kada ka ɗora mana wanda ba mu faɗa ba.

Iliya: Na ji, kuma ban yi nufin cin fuska ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma macijin da ka kawo, ka karanta ƙarshensa? 2 Sarakuna 18:4. Hezekiya ya farfashe shi, don Isra'ilawa suna ƙona masa turare.

Bitrus: Na karanta, kuma Hezekiya ya yi daidai. In na ga wani a cikinmu yana ɗaukar siffa a matsayin mai iko, zan gaya masa ya kauce. Sai dai ayar tana magana da mai kwalbar mai kamar yadda take magana da mai kyandir.

Malam Ayuba: Ku biyun kun haɗu a wuri ɗaya ko ba ku lura ba. Bambancin koyarwa a kan siffofi yana nan, ba za mu warware shi a zauren nan ba, amma macijin tagulla ya ishe mu darasi. Allah ne ya ce a yi shi. Ta wurinsa aka warkar da waɗanda macizai suka sara, wannan ba ƙarya ba ne. Yesu ma ya kwatanta ɗaga shi kansa a kan gicciye da ɗaga macijin nan (Yahaya 3:14). Abu mai tarihi irin wannan, bayan ɗaruruwan shekaru ya zama abin da sarki mai tsoron Allah ya sa guduma ya farfasa. Gunkin da ya fi wuyar ganewa shi ne abin da Allah ya taɓa yi maka alheri ta wurinsa.

Ga akwatin alkawari kansa. A 1 Sama'ila 4 Filistiyawa sun kashe wa Isra'ilawa mutum wajen 4,000, maimakon su tuba sai suka ce a ɗauko akwatin ya cece mu. Da ya iso sansani suka yi sowa har ƙasa ta amsa. Aka gwabza, aka kashe musu sojan ƙasa 30,000, aka ƙwace akwatin, 'ya'yan Eli biyu suka mutu. Sun ɗauka in akwatin yana hannunsu dole Allah ya yi abin da suke so. A zamanin Irmiya ma haka suka riƙa cewa Haikalin Ubangiji, Haikalin Ubangiji, suna zaluntar marayu da gwauraye, har Babila ta zo ta ƙone haikalin.

Mama Rifkatu: Bari in ba ku abin da na gani da idona lokacin da nake aikin jinya. Da tsakar dare aka kawo yaro ɗan shekara uku, jikinsa kamar wuta, yana jijjiga. Muna neman jijiya za mu sa masa ruwa, uwar ta zazzage jakarta a ƙasa, zani da kati da makulli duk suka watse, tana laluben wata 'yar kwalbar mai da aka ba ta a wurin addu'a. Ba ta ciki, a gida aka manta ta. Matar nan ta zauna daɓas tana cewa shi ke nan ya tafi, shi ke nan ya tafi. Na kama hannunta na ce 'yata mu yi addu'a. Ta dube ni ta ce, "Da me?" Wannan tambayar ba ta bar ni ba har yau. Mai bi ce, tana son Yesu, ban yi shakka ba. Amma an koya mata har ta gaskata cewa ba kwalba, ba hanya zuwa wurin Uba. Yaron ya tashi, mun gode Allah. Ni dai da waɗanda suka koya mata haka nake kuka.

Hassana: Amma Mama, Yakubu 5:14 ya ce dattawan ikkilisiya su shafa wa marar lafiya mai. Kuma a Ayyukan Manzanni 19 an kai wa marasa lafiya hankicin da ya taɓa jikin Bulus suka warke. Za mu ce duk wannan kuskure ne?

Fasto Habila: Ko kaɗan, 'yar'uwa. Ni ma ina shafa wa marasa lafiya mai in sun kira. Amma ki ci gaba zuwa aya ta 15, addu'ar bangaskiya ce aka ce za ta warkar, Ubangiji ne kuma zai tashe shi. Batun hankicin Bulus a Afisa kuwa, Luka marubucin Ayyukan Manzanni da kansa ya ce mu'ujizai ne da ba a saba gani ba, kuma Allah ne ya yi su ta hannun Bulus. Ba mu ga Bulus ya sayar da hankici ba, ba mu ga ya rubuta wa wata ikkilisiya su tanadi nasu ba. A babin nan dai 'ya'yan Siba su bakwai suka gwada amfani da sunan Yesu kamar kalmar tsafi, mai aljanin ya yi musu duka suka gudu tsirara.

Tun da an taɓo hoton "mutumin Allah", wannan a kanmu yake. A Listira da aka kira Barnaba Zafsa, aka kira Bulus Hamisa, firist ya kawo bajimai zai yi musu hadaya, manzannin kyakketa tufafinsu suka yi, suka ruga cikin taro suna cewa mu ma 'yan adam ne kamarku. Karniliyas ya fāɗi a gaban Manzo Bitrus, Bitrus ya tashe shi. Mai bi da ba ya iya yanke shawara sai "Baba ya ce", wanda in fastonsa ya faɗi abin da ya saɓa wa Nassi sai ya bi fasto, yana cikin hatsari babba. Mutanen Biriya an yabe su don suna bin diddigin maganar Bulus a cikin Littattafai kowace rana. A 1978 a ƙasar Guyana mutum fiye da 900, da yara da yawa a cikinsu, suka mutu a rana ɗaya bisa umarnin Jim Jones, mutumin da ya fara da wa'azi da taimakon talakawa a Amurka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu kanmu masu hidima, aikin Allah yana iya zama mana gunki. Gidiyon ya ƙi sarauta, ya ce Ubangiji ne zai mallake ku, magana mai kyau. Nan take kuma ya karɓi zinariya shekel 1,700 daga ganima ya yi falmaran, irin rigar firist, ya ajiye a Ofra, ta zama tarko gare shi da gidansa. Fasto da zai rufe zunubin mai ba da baiko mai tsoka don kada gini ya tsaya, ya riga ya sami tasa falmaran.

Emmanuel: Iyaye, ni tawa ba ta kwalba ba ce. Akanta ne ni a wani kamfani. An kawo mini takardun kayan da na san ba a saya ba, an ce in shigar da su in sa hannu kafin masu binciken kuɗi su zo. Wanda ya kawo ya ce mini kowa haka yake yi, kuma akwai mutum goma a waje masu jiran kujerata. Ina da mata da yara uku, mahaifiyata tana shan magani kowane wata. Da na karanta ma'aunin Baba Fasto gabana ya fāɗi, domin wannan shi ne abin da nake tsoron rasawa. In na ƙi, Allah zai buɗe mini wata ƙofa? Matiyu 6:33 ya ce a fara neman Mulkinsa, sauran za a ƙara mana.

Iliya: Ka ƙi kawai, Yaya! Allah zai ba ka wanda ya fi shi ninki biyu kafin wata ya ƙare.

Baba Yohanna: A'a Iliya, kada ka sa wa Allah ranar da bai sa ba. In wata ya ƙare ba aiki, kai za ka amsa wa matarsa?

Emmanuel ɗana, alkawarin Matiyu 6 gaskiya ne, Ubanka ya san kana bukatar abinci da sutura, ba kuwa zai manta da kai ba. Amma bai faɗa mana ta wace hanya ko a wane wata ba. Shadrak da Meshak da Abednego suna tsaye a gaban siffar da tsayinta kamu 60 ne a filin Dura, suka ce Allahnmu yana da ikon cetonmu, amma ko da bai cece mu ba, ba za mu yi mata sujada ba. Ba su san ƙarshen labarin ba lokacin da suka faɗi haka. Ibraniyawa 11 ya lissafa waɗanda suka tsira daga kaifin takobi ta wurin bangaskiya, ya kuma lissafa waɗanda aka kashe da takobi suna riƙe da wannan bangaskiyar. Wanda yake bin Allah don riba kawai, ranar da ribar ta tsaya zai yi irin ta Yahudawan da suka gudu Masar, da suka ce wa Irmiya lokacin da muke ƙona wa sarauniyar sama turare muna ƙoshi, tun da muka daina muke shan wahala, don haka za mu koma.

Malam Ayuba: Maganar sa hannu ta tuna mini da shekara ta 250. Sarkin Roma Desiyus ya ba da doka kowa ya yi hadaya ga alloli a gaban jami'ai, a ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu a Masar, da suna da kwanan wata da sa hannun shaidu. Wasu Kiristoci sun yi hadayar, wasu sun ƙi aka ɗaure su ko aka kashe su, wasu kuma suka ba jami'ai kuɗi aka rubuta musu takardar ba tare da sun taɓa bagade ba. Ikkilisiya ta ɗauki na ukun ma a matsayin waɗanda suka fāɗi, sai da suka tuba aka karɓe su, domin takardar tana faɗa da sunansu abin da ba gaskiya ba. Su ma suna da yara da tsofaffi. Ban kawo wannan don in ƙara maka nauyi ba, ɗan'uwa. Ina so ka san wurin da kake tsaye wuri ne da masu bi suka daɗe suna tsayawa.

Kuma ka duba abin da gunki yake yi wa mai shi. Zabura 115 ta ce suna da baki ba sa magana, suna da ido ba sa gani, masu yin su kuma kamarsu za su zama. Sa hannun farko ne mai wuya. Daga nan sun riƙe ka, na biyu ba za su ma roƙe ka ba, a hankali ka zama mai ido da ba ya ganin abin da ke cikin takarda. In asiri ya tonu kuwa sunanka ne a ƙasa, ba na wanda ya kawo maka ba.

Ladi: Ni abin da zan ƙara, kada mu cika shi da ayoyi mu watse. In muka ce ya ƙi, to nauyinsa ya hau kanmu. Akwai masu kamfani da masu sanin inda ake neman akanta a zauren nan. Maganin mahaifiyarsa kuma, in abin ya kai ga haka, ni zan taimaka da kuɗinsa, kuma na san ba ni kaɗai ba. Emmanuel, ka gaya wa matarka? Kada ta ji a bakin wani.

Emmanuel: Na gaya mata daren jiya, Yaya Ladi. Ta yi shiru, daga baya ta ce gara mu koma ɗaki ɗaya da a zo a tafi da ni da ankwa a gaban yara. Ranar Litinin zan mayar da takardun, in rubuta cewa ba zan shigar da su ba sai an kawo shaidar karɓar kaya. Ban sani ba ko in tsaya a nan, ko in kai maganar sama.

Fasto Habila: Ka yi shi a rubuce, da ladabi, ba zargi ba zagi, ka ajiye kwafin abin da ka rubuta da ranar da ka miƙa. Batun kai maganar sama, kada ka yanke shi kai kaɗai cikin dare. Akwai lauya a cikin dattawanmu, zan haɗa ku gobe bayan sujada ya duba maka abin da doka da ƙa'idar aikinku suka ce. Ka zo da matarka, ka kuma turo wa Ladi takardun karatunka yau ta fara tura su.